Ƙyallayen Umma a Kan Dutse

Ku matso, 'ya'yana, ku ji abin da ya sami wani yaro a unguwar Mansur, a Makka.

Mahaifinsa ya rasu. Ummansa ce ke riƙe da gida, da ɗinki da suyar ƙosai. Mace ce da ba a yi wa kayanta tayin wulaƙanci, kuma ko zare ba ta yarda a zubar.

Da zafin Makka ya fara sauƙi, Ustaz Nu'uman, malamin motsa jiki, ya shirya gudu a duwatsun bayan gari. Ya sa masa suna Tseren Kaka. Ya zo wurin Umma neman ƙyalle mai launin busasshen ganye, a ɗaura a hanya masu gudu su bi.

"Kaka a Makka?" in ji Umma. "Ina geron? To ga shi, amma fa aro ne, Ustaz. Matashin kai zan cusa da shi."

Yaron ya riƙe maganar nan a ransa.

Ranar tsere gari ya tashi da hadari. Umma ta kafa kaskon ƙosanta a inda za a ƙare gudun. Cikin masu gudu har da yaron, da maƙwabcinsu Baba Garba, direban tasi. Likita ne ya sa shi gudu saboda ciwon suga.

"Yalla, mu je, ɗan Umma," in ji Baba Garba. "In ka riga ni, ka rage mini ƙosai."

Yaron ba gwani ba ne, sha'awa ce kawai. Aka yi ta wuce shi. Da ya kai inda hanya ta rabu biyu, ya waiga, bai ga kowa ba.

"Ni ne na ƙarshe," ya ce a ransa. "Wa zai hawo nan ya kwaso wa Umma kayanta?"

Sai ya kwance ƙyallen, ya tura a aljihu. Haka ya riƙa yi har ya sauka.

Yana isa aka fara ruwa. Umma na rufe kaskonta, Ustaz yana duba fuskoki.

"Ina Baba Garba?"

"Ya tsaya hutawa a bayan wani dutse," in ji wani.

Yaron ya tuna inda hanya ta rabu biyu. Hanyar hagu kwari take shiga. Dutsen Makka kuwa ba ya shan ruwa. Duk abin da ya zubo, kwari yake gangarawa, ya tafi da mota, balle mutum.

"Zai ga alama ai," in ji Ustaz.

Umma ta dubi aljihun ɗanta, ya yi tulu.

"Mene ne wannan?"

Ya zaro ƙyallayen. "Kin ce aro ne, Umma."

Ba ta dake shi ba. Da ma dukan ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Na ce aro ne. Na ce ka musanya shi da ran mutum? Wuce ka nuna musu inda ka fara."

Yaron ya shiga gaba, Ustaz da manya suna biye. Ruwa na dukan fuskarsa. Ya faɗi, gwiwarsa ta fashe, ya tashi. Bai taɓa gudu irin na ranar ba.

A kwarin, jan ruwa na ta ruri. Suka yi ta kira, shiru. Can sai yaron ya hango farar hula a kan wani falalen dutse. Baba Garba ne, ya gurɗe ƙafa, ruwa ya kusa taɓa takalminsa.

Da igiya aka jawo shi, aka goyo shi zuwa ƙasa.

Umma ta durƙusa, ta ɗaure ƙafar tam da ƙyallayen nan, ba ta rage ko ɗaya ba.

"Baba, ka yafe mini," in ji yaron yana kuka. "Na zaci ba kowa a bayana."

Baba Garba ya dafa kansa. "Halas, shi ke nan, ɗana, na yafe. Ƙosaina fa?"

Umma ta cika masa faranti. Mutanen Mansur sun ce ba su taɓa ganin ta ba da ƙosai kyauta ba sai ranar.

A hanyar gida ta ce wa ɗanta, "Tattali abu ne mai kyau. Amma in ka ga an sa alama a hanya, kada ka cire sai ka tambaya. Kullum akwai wani a bayanka, ko da ba ka ganinsa."

Ku ma, 'ya'yana, ku riƙe wannan.