Tayar da Sarkin Faci Ya Yi wa Sabon Zane

An ɗauke wuta bayan sallar isha'i, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Kaka. Mu uku ne jikoki a wajen: ni, da yayana Sahabi, da Yaya Tabawa, 'yar gwaggonmu, wadda ta tashi marainiya a gidan. Sahabi ya ce gobe da rana zai bi ta Kwanar Marke a kan babur, don ta fi kusa.

Yaya Tabawa ta ajiye mahucinta.

"Kai kaɗai? Da rana tsaka? Wallahi ba za ka bi ba. Matso nan, mai ƙaton kai. Ke ma Kubura matso. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta."

Muka matsa. Ta rage murya.

"An yi wani mai faci a bakin hanyar nan. Sarkin Faci ake ce masa. Ba ya awon iska da komai. Sifana zai buga wa taya, ya kasa kunne, ya ce ta ƙoshi ko tana so. Kuma yana da wata dabara da ba kowa ya iya ba. Idan taya ta suɗe ta yi sumul, sai ya sa ƙarfe a wuta ya yanka mata sabon zane. Ya shafe ta da baƙin mai. Ka rantse yanzu aka ɓare ta daga leda. Duk wadda ya yi wa haka, sai ya tsaga mata 'yan tsagu uku kusa da baki, don ya gane aikinsa. Alfahari yake da abin.

"Yana da 'ya mace guda ɗaya tak. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwani. Tana aure can nesa. An shirya za ta zo gida goyon ciki, sai haihuwa ta riga. Ta haifi mace. Bayan suna aka ce a zo a ɗauko ta wankan jego.

"Ya samu maƙwabcinsa Ɗan'azumi direba. Ɗan'azumi ya ce, 'Sarki, tayata ta gaba ta suɗe. Masu duba motoci ba za su bar ni in wuce ba. Bari in shiga birni gobe in sa sabuwa, jibi mu ɗauko ta.'

"Sarkin Faci ya ce, 'Jibi? Jikata ta fari? Ciro ta nan.'

"Ya hura wuta. Ya yanka zane. Ƙarfen ya taɓo waya a wuri biyu, ya ji shi a hannunsa. Bai tsaya ba. Ya ƙara mata iska don kayan mai jego suna da nauyi. Ya buga sifana, ya ce, 'Je ka, za ta kai ka Makka ta dawo.'"

Sahabi ya ce, "To ai laifin direban ne da ya yarda."

"Rufe mini baki. Wa ke musu da Sarkin Faci a kan taya?

"Washegari yana zaune a rumfarsa. Ya share ɗaki, an jibge itacen wanka, an saye kanwa. Rana ta take tsaka. Kwalta ta narke har tana kama takalmi. Ba mota, ba tsuntsu. Sai ya hango mace tafe daga wajen Kwanar Marke, tana garo taya.

"Doguwa ce, ta lulluɓe da baƙin zane. Ba takalmi a ƙafarta. Kun ji? A kan kwaltar nan. Tayar tana barin sawu a ƙurar gefen hanya. Ita ba ta bari.

"Ta tsaya a gabansa. Ba ta yi sallama ba.

"'Kai ne mai faci?'

"Bakinta yana gabansa, amma muryar daga bayansa ta fito. Har ya waiga. Ba kowa.

"'Ni ne, baiwar Allah.'

"'Gyara mini wannan.'

"Ya taɓa tayar. Zafi kamar an sauke tukunya. Gefenta ya yage, waya ta yi cirko-cirko. Ya ce, 'Wannan ta wuce gyara.'

"Ta ce, 'Ta wuce gyara tun kafin ka taɓa ta.'

"Sai ya juya ta. Ya ga tsagu uku kusa da baki."

Na kama gefen zanen Yaya Tabawa. Ba ta ture ni ba.

"Ya ce, 'Ina motar? Don Allah ina motar?'

"Ta ce, 'Bi sawun.'

"Ya ɗago kai. Ba mace. Tayar ce kawai a kwance tana hayaƙi.

"Ya zura da gudu, tsoho da shi, takalmi ɗaya ya maƙale a kwalta bai koma ba. Yana bin sawun tayar yana kiran sunan Allah. Har Kwanar Marke. Can ƙasan rafi da ya ƙafe, ga mota ta kife a gindin marken. Buhun gero ya fashe. Ɗan'azumi yana gefe, ƙafa ta karye, ya suma.

"Uwani tana kwance a yashi. Da sauran ranta. Ya ɗora kanta a cinyarsa.

"Ta ce, 'Baba, kai ne?'

"'Ni ne, Uwata. Ni ne.'

"'Da za mu taso na ga tayar ta yi ƙulu a gefe. Na ce wa Baba Ɗan'azumi ya sa safaya, tayar ajiya. Sai ya ce kai ka gyara ta da hannunka.' Ta yi murmushi. 'Sai hankalina ya kwanta.'"

Muna jin tarin Kaka daga ɗakinsa. Yaya Tabawa ta share hanci da bayan hannu.

"Wannan maganar ce ba na iya faɗa ban yi kuka ba. Ku yi haƙuri.

"Uwani ta ce ya nemo mata 'yar. Ya ce to. Kafin ya miƙe ta cika.

"Ya shiga nema kamar mahaukaci. Cikin mota, ba jaririya. Ƙarƙashin kaya, babu. Ya tona yashi da hannu har farcensa ya fita. Zanen goyo ya gani a kan ƙaya, ba kowa a ciki. Ya durƙusa ya ce, 'Ya Allah, na kashe ɗaya. Kada ka ce biyu ne.'

"Sai muryar ta zo daga bayansa. Wannan karon da ya waiga tana nan. Tana zaune a gindin marken, da jaririya a ƙirjinta. Jaririyar tana barci, ko ƙwarzane babu. Da nono a gefen bakinta.

"Ta ce, 'Nan gidanmu ne. Ɗana yana kwance a inuwar nan lokacin da motar ta faɗo.'

"Ya ce, 'Yana ina?'

"'Inda taka take.'

"Ya juya ya kalli motar da ta kife.

"Ta ce, 'Wannan ta taso sama, na cafe. Nonona ya cika, ba mai sha. Na ba ta. Na yi niyyar riƙe ta a madadin nawa. Wa zai ce na yi zalunci?'

"Ya kifa goshi a yashi. Ya ce, 'Ba kowa. Amma ni na yi laifin. Ɗauke ni ki bar ta.'

"'Me zan yi da kai?' Haka ta ce masa. 'Kai zauna da ranka. Ya ishe ka.'

"Ta daɗe tana kallon fuskar jaririyar. Ya ce bai taɓa sanin aljanu suna kuka ba sai ranar. Ba hawaye. Kafaɗunta ne kawai suke rawa.

"Ta ce, 'Uwarta ta gan ni kafin ka iso. Ba ta ji tsoro ba. Ta ce in lallaɓa mata ita har babanta ya zo, shi ba ya saɓa alkawari. Don ita zan ba ka, ba don kai ba.'

"Ta miƙo ta. Hannunta sanyi ƙalau.

"'Amma ta sha nonona. Duk ranar da na gan ta a hanyar nan ita kaɗai, ko wani na jininka, zan ɗauka kun bar mini ne.'

"Ya rungume jaririyar. Da ya ɗago, ganyen marke ne kawai ke motsi, alhali ba iska.

"Daga ranar bai sake sa ƙarfe a wuta ba. Ya jefa shi a rijiya. Duk wanda ya kawo masa suɗaɗɗiyar taya, wuƙa yake sa mata ya raba ta biyu a gaban mai ita. An zage shi, an kai ƙararsa wajen mai gari, har aka daina zuwa rumfar. Bai damu ba."

Ni kuwa ina tuna yadda Kaka yake fitowa da sandarsa duk lokacin da za mu yi tafiya. Yadda yake durƙusawa da ƙyar, ya bi kowace taya da tafin hannu, ya danna, ya shafa gefe, mu kuwa muna dariya muna cewa tsufa ne. Da babban yatsansa da ba shi da farce.

Na ce, "Yaya… jaririyar fa?"

Ta ɗauki mahucinta, ba ta yi fifita ba.

"Shekarata ashirin da shida. Ban taɓa ganin Kwanar Marke ba. Amma duk ranar da zafi ya yi zafi, da rana tsaka, nakan ji ana kirana daga bayana. Ba da Tabawa ba. Da wani suna da ban sani ba, kuma ina gane ni ake nufi." Ta juya wajen Sahabi. "Ka bi doguwar hanya. Ka nemi abokin tafiya. Kuma in Kaka ya fito zai taɓa tayar babur ɗinka, ka tsaya ya gama. Kada ka sake yi masa dariya."

Sai muka ji ƙarar sanda a bakin ɗaki. Ashe Kaka yana tsaye a cikin duhu, ba mu san tun yaushe ba.

Ya ce, "Tabawa."

"Na'am, Kaka."

"Kin manta wuri ɗaya. Da ƙarfen ya taɓo waya, Ɗan'azumi ya tambaye ni ko lafiya." Ya ja numfashi da ƙyar. "Na ce masa lafiya lau."