Bokan Laftof da 'Yar Mai Shago

Ranar da ta fara ganinsa, da niyyar faɗa ta je.

Ta haye matakalar benen da sauri, ko rigar aikinta ba ta tsaya cirewa ba, ta tura ƙofar wani ɗan ɗaki da aka liƙe bangonsa da soso. Yana zaune gaban kamara yana gyara makirfo. Da ya ɗago ya gan ta sai ya miƙe zumbur, kamar ɗalibin da shugabar makaranta ta shigo wa aji.

Ita ce babbar 'yar mai shagon kwamfuta na kusa da banki. Kowa a layin nan, Injiniya yake ce mata, domin ita ke kwance laftof ta gano cutarta ta mayar ta ɗaure. Shi kuma shi ne mai shirin bidiyon nan na mako-mako da ke hasashen abin da kamfanoni za su fitar. A shirinsa na baya ya ce sababbin laftof na masu manyan ayyuka suna tafe, ma'adanarsu za ta ninka, girafik ɗinsu, wato ƙarfin sarrafa hoto, zai bar na bara a baya, farashi kuma zai sauko, don haka mai dabara ya jira.

Mutane kuwa suka jira. Shagon Baba, da ya cika kanta da na bara, ya yi tsit. Har ofishin masu zanen gini da suka gama magana za su ɗauki kaya suka ce a dakata tukuna.

Duk wannan ta zayyana masa tana tsaye. Ta tambaye shi ta yaya ma'adana za ta ninka farashi ya sauko, alhali ita da ke sayen kayan gyara tana ganin yadda suke ƙara tsada duk wata. Ta ce girafik mai gudu zafi yake haifarwa, zafi kuwa sai da fanka mai kyau, fanka mai kyau kuma ba sadaka ake bayarwa ba.

Bai katse ta ba. Da ta kai aya ya jawo mata kujera.

"Duk abin da kika faɗa yanzu, za ki iya maimaita shi a gaban kamarar nan?"

"Don ka yanke inda na fi ka gaskiya?"

"Ba zan taɓa ko kalma ɗaya ba. In na taɓa, ki dawo ki kwance kamarar, na ga kin zo da kayan aiki."

Ta dubi sukurudireban da ke leƙe daga aljihunta. Dariya ta so ƙwace mata, ta danne, ta zauna.

Bai yanke komai ba. Masu kallo suka rabu gida biyu, masu cewa farashi zai sauko da masu cewa Injiniya ta fi shi hujja. Suka matsa sai an sake kawo ta. Ta koma sau ɗaya don ta ƙarasa maganar ma'adana, ta sake komawa don maganar batir, daga nan ta daina nemar wa kanta dalili.

Ta laƙaba masa Boka, tunda sana'arsa faɗin abin da bai zo ba. Shi kuma ya ce ai ya daɗe yana magana ba hujja, yanzu ya samu, don haka sunanta Hujjata.

Wata rana tana cikin goge ƙurar wata fanka saƙonsa ya shigo.

"Hujjata, yau an ce sabuwar za ta zo da allo mai haske fiye da kowanne. Na karanta na yi murmushi kawai. Masu rubutun ba su taɓa ganin fuskarki ba lokacin da kika ci gardama."

Ta ajiye burushi ta amsa.

"Boka, wannan ma hasashe ne. Kawo shaida."

"Shaidata tana wurin Baba. Ki ba ni izini in turo manyana."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta, "Na ba ka. Amma ka shirya, hanyar akwai tudu."

Tudun ya fi yadda ta zata. Da Umma ta kai wa Baba maganar a falo, sai ya cire gilashinsa ya ajiye a hannun kujera. Ya ce duk samarin duniya ta rasa wanda za ta kawo sai wanda ya rufe masa kasuwa da baki. Ya ce mutumin da abincinsa ke fitowa daga "an ce" da "wataƙila" ba zai riƙe gida ba. Sannan ya kawo zancen Mai Kwantena.

Mai Kwantena shi ke shigo wa Baba da kaya daga waje. Saurayi ne mai ƙamshin turare da wayoyi biyu, ya daɗe yana kewaye shagon da sunan duba kaya. Ya riga ya yi wa Injiniya alkawarin cewa sabuwar laftof ta farko da za ta sauka, mafi girman ma'adana, tata ce. Ta gode masa, ta ce tata tsohuwar ba ta gaza ba.

Ta durƙusa gaban Baba ta ce, "Ba zan taɓa yin abin da ba ka sa wa albarka ba. Amma Baba, kada ka sa ran zan kawo wani. In jira ne, zan jira."

Baba ya mayar da gilashinsa ya kunna talabijin.

Kaya suka ci gaba da zama a kanta. Baba ya rame, ya rage hira, har ya yanke shawara a asirce cewa ƙarshen wata zai karya farashi ya rabu da su kafin sababbin su iso. Abin ya dami Injiniya ƙwarai, domin ta tabbata asara zai yi a banza. Ba ta da wanda za ta faɗa wa sai Boka, ta faɗa masa, ta roƙe shi ya bar shi a cikinsa.

Ba a daɗe ba maganar ta cika layin. Maƙwabtan shaguna suka riga Baba karya farashi. Kwastomomi suka riƙa shigowa suna cewa sun ji labari, a rage musu tun yanzu.

Baba ya kira ta bayan kantar shago, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaye ta ko ta gaya wa wani. Ba ta iya ƙarya ba, ta ce ta gaya wa mutum ɗaya. Kallon da ya yi mata ya fi mata mari zafi.

Ta shiga ɗakin gyara ta rufe ƙofa, ta rubuta wa Boka, "Na ba ka amanar mahaifina ka kai kasuwa. Kada ka sake nemana."

Amsarsa ta zo kafin ta toshe lambar. "Wallahi bai fita daga bakina ba. Ba zan matsa miki ba, Hujjata. Ke kika koya mini kada in yarda da magana sai na bincika. Ki bincika."

Ta toshe shi duk da haka. Amma kalmar ƙarshen nan ta hana ta sakat. Tana aiki tana jin ta, tana cin abinci tana jin ta. A ƙarshe ta ɗauki wata caja da maƙwabcinsu mai sayar da firinta ya ba ta gyara, ta kai masa da kanta, ta zauna suka yi ta hira, har ta tambaye shi a ina ya fara jin zancen.

Mutumin ya yi mamakin tambayar. Ya ce ai Mai Kwantena ne ya bi su shago-shago. Baba ya nemi shawararsa, shi kuma ya zo ya ce musu kowa ya yi maza ya share kantarsa, sannan ya yi odar sababbin a wurinsa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi hayaniya ba. Ta roƙi maƙwabcin ya taka ya maimaita a gaban Baba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gode masa, ya raka shi bakin ƙofa. Da Mai Kwantena ya zo da yamma da fara'arsa, Baba ya amsa gaisuwarsa a tsaye, bai ce a kawo masa kujera ba. Mutumin ya fahimta, bai sake kewayo shagon ba.

Ita kuwa ta sake hawa benen nan, wannan karon a hankali. Ta tarar da shi ya faɗa, gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba," ta ce. "Ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin ki hawo. Amma ni ma akwai nawa. Na ce wa mutane su jira, ban tambayi kaina wa jiran zai cutar ba. Ina so in gyara, ki taya ni."

Suka shirya tare. Ya je ofishin masu zanen gini ya roƙe su su zo shagon da nasu aikin, wani zanen asibiti mai hawa da yawa wanda ke sa tsofaffin injinansu numfarfashi. Injiniya ta jera laftof ɗin bara a kan tebur, ta ɗora zanen, aka juya ginin ta kowane ɓangare, tana auna zafi tana nuna musu inda ma'adana za ta ishe su da inda za a ƙara. Boka yana ɗauka. A ƙarshen shirin ya fuskanci kamara ya ce abin da ya faɗa a baya zato ne, duk wanda aiki ke jiransa yau kada ya ajiye shi saboda zaton wani.

Masu zanen suka ɗauki abin da suke buƙata. Wasu masu kallonsa suka yi masa ba'a cewa soyayya ta sauya masa baki. Bai kula ba.

Baba yana zaune bayan kanta yana kallon komai. Da aka watse ya sa aka kira masa yaron. Boka ya zo ya durƙusa, ya gaishe shi.

"Kai ne masanin abin da ke tafe," in ji Baba. "To gaya mini, sababbin nan, farashinsu hawa zai yi ko sauka?"

Injiniya tana bakin ɗakin gyara tana saurare. Ta san yana da amsoshi cike da baki.

"Ban sani ba, Baba," ya ce. "Ina da zato, ita ma tana da nata, kuma nata ya fi nawa ƙarfi. Amma sani, ban sani ba."

"To 'yata fa? Ita ma zato kake yi?"

"A'a, Baba. Wannan na sani."

Baba ya jujjuya makullin shago a hannunsa. Can ya ce yaro ya tashi, gwiwa ba ta saba da siminti ba, ya je ya gaya wa manyansa ana jiransu.

Ana cikin shirin biki kamfanonin suka fitar da kayansu. Girafik ya yi gudun da Boka ya faɗa, farashi ya haura kamar yadda Injiniya ta faɗa, ma'adana kuwa, da ita ma ta zaci za ta ɗan ƙaru, tana nan inda take, ta ba su kunya su biyun. Ya turo mata saƙo, "Hujjata, ɗaya da ɗaya, an tashi canjaras." Ta amsa, "A gidanmu ma haka nake so a riƙa tashi, masoyina."

Aka ɗaura aure da hantsi, gida ya cika da 'yan'uwa da mutanen layin. Da lokacin tafiyarta ya yi, aka kai ta falo wurin iyayenta, shi ma ya shigo ya zauna a ƙasa. Umma tana share hawaye. Baba ya yi gyaran murya, ya ce akwai laftof ɗin wani likita da aka bari a kwance a kan tebur, yana so ya ji wa zai ƙarasa ta. Falon ya ɗauki dariya, har amarya ta yi ta cikin kuka, ta ce a ba ta hutu kaɗan, za ta dawo ta ɗaure ta.

Sai Baba ya dafa kanta.

"Ba ki taɓa sa ni sunkuyar da kai ba, 'yata. Kai kuma ɗana, ga ta nan, ka riƙe ta da gaskiya. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku."

Duk falon ya amsa da amin. Ta miƙe, ya miƙe, suka fita tare.