Sunan Lubna a Manhajar Gangara

A taron matasan fasaha da aka yi a unguwar Mando Ubaidullah ya fara ganin Lubna. Yana nuna manhajar da ya rubuta, wadda ke sa abubuwa su faɗi, su yi karo a cikin wasan bidiyo kamar a zahiri, sai ya ji murya daga baya.

"Malam, tulun nan naka cike yake da ruwa, amma ya faɗi kamar fanko."

Ya juyo, sai ya ga Lubna ce ke nuna tulun da ke cikin wasan.

Ashe malamar fiziks ce. Wata uku suka yi tana gyara masa lissafi a ɗan shagon da ya buɗe kamfaninsa, Gangara, a Badarawa. Kafin shekara, masu ƙera wasanni daga Legas har Nairobi suna neman manhajar, shi kuwa ya daina kiranta da komai sai "Malamata".

Da Ubaidullah ya nemi aurenta, mahaifinta Alhaji Maliki, tsohon darakta a ma'aikata, ya ƙi, ya ce mata:

"In ba da ke ga mai sana'ar wasa? Ga Sharhabil, lauya guda, yana jira."

Ana cikin haka wani kamfanin ƙasar waje ya nemi sayen Gangara. Takardar ta bi ta ofishin su Sharhabil, shi kuwa ya kawo wa Lubna da hannunsa. An rubuta cewa Ubaidullah ne kaɗai ya ƙirƙiri manhajar.

Ta tura wa Ubaidullah saƙo: "Na ga takardar. Ashe aikina kake so. Kar ka sake kirana."

Amsa ta shigo nan take: "Malamata, wallahi ban sa hannu ba. Ki saurare ni ko minti ɗaya."

Ta kashe wayar. Kwana tara bai ji muryarta ba.

Ranar da wa'adin masu sayen zai cika, Ubaidullah ya yi sallama a gidan su Lubna, ya durƙusa gaban Alhaji, ya miƙa takardar. Lubna na bayan labule, tana saurare.

Alhaji ya sa tabarau ya karanta layi-layi, har ya kai inda aka bar gurbin sa hannu.

"Ka san abin da kake shirin rasawa?"

"Na sani, Baba. Rabin lissafin nata ne. Na ce su sa sunanta, sun ƙi. Ko ba ku ba ni ita ba, ba zan sa hannu ba."

Alhaji ya ajiye takardar.

"Shekara talatin ina aiki, sau biyu aka cire sunana daga abin da na rubuta. Babu wanda ya tsaya min." Ya cire tabarau. "Ka turo magabatanka."

Cinikin ya rushe, Gangara ya ci gaba a Badarawa da sunaye biyu a takardunsa. Bayan Sallah aka ɗaura aure.

Da aka kawo amarya, ta ce a hankali, "Ka yafe min, Ubaidu."

"Ya wuce, Malamata. Allah Ya bar mu tare."

"Amin," ta ce, tana share hawaye.