Dutsen Da Ya Yi Kumfa

Hafsatu na durƙushe a tsakar gidan mijinta a Kwatarkwashi, 'ya'yan yayyensa sun kewaye ta. Shekara huɗu da aurenta da Mas'udu ba haihuwa, su ne 'ya'yanta. Ilimin duwatsu ta karanta a Sakkwato, kullum da la'asar takan buɗe littafi mai hotuna, ta baje duwatsu a faifai.

"Hussaina, matsa lemun tsami kan farin dutsen nan."

Yarinyar ta matsa, dutse ya hau kumfa. Yara suka ɗau ihu, "Anti, tafasa yakai!"

Ihun ne ya fito da Iya, mahaifiyar Mas'udu, wadda tun tana yarinya take jin labarin iskokin dutsen garin.

"Innalillahi! Tsahi cikin gidana? Dole ki rasa haihuwa, kin kwaso iskoki kin aje ƙarƙashin gado!"

"Iya, wallahi karatu ne..."

"Ruhe min baki!"

Kamar da gayya, washegari zazzaɓi ya kwantar da Hussaina. Iya ta watsar da duwatsun bayan gida, ta ce ko Hafsatu ko ita. Mas'udu ya durƙusa yana hawaye.

"Iya, ba ni iya sakinta, ba ni kuma iya saɓa miki."

Hafsatu ce ta raba gardamar. Ta haɗa kayanta ta ce, "Kada ka ɗaga wa mahaifiyarka murya saboda ni. Ina gidanmu a Tsafe, zan jira."

Damina ta wuce tana jira. Ta rame, shi ma ya rame. Duk zuwan da zai yi daga wurin aikinsa a Gusau, a zaure suke zama su yi ta kuka, abin tausayi.

Hussaina ta warke da maganin asibiti, amma dariyarta ba ta dawo ba. Wata safiya ta ɗauki ɓawon ƙwan da Iya ta fasa, ta matsa masa lemun tsami a gabanta. Ga kumfa nan, sak irin ta dutsen.

"Iya, kazarki ma tana da iskoki? Anti ta ce abin da ke cikin ɓawon shi ne cikin dutsen."

Iya ta daɗe tana kallon ɓawon. Kazar nan da hannunta ta kiwata ta. Sai Iya ta zaga bayan gida ta shiga tonon ciyawa.

Da azahar Hafsatu ta ji sallama. Iya ce, ƙulli a gefen zanenta, hannuwanta duk ƙaya.

"Ɗiyata, waɗanga na samu, sauran sun ɓace. Ki yahe min, ki taho gida."

Hafsatu ta rungume ta tana kuka.

Haka Allah ke saka wa mai haƙuri. Abin da ba mu sani ba kuwa, mu tambaya kafin mu raba masoya a kansa.