Sandar Ƙarfe a Gindin Kurna

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Badamasi ana tsakiyar kiran magariba. Matarsa Luba tana kwashe tuwo, ta ɗaga kai ta zagi yaran garinsu Magama. Na biyu ya dira gabanta, baƙi wuluk da gawayi, jiƙe sharkaf.

Badamasi ƙanƙara yake sayar wa direbobin da ke jiran tsallaka iyaka. Firizar da ke zaurensa kuwa, duk wanda ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu sai ta fizge shi. Mai gyaran lantarkin da ya kira ya ce doka ce, sai an kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa mai danshi, a binne ta da gishiri da gawayi, a ɗaura mata waya, don wutar da ta kauce ta nutse ƙasa maimakon jikin mutum. Danshi kuwa a gidan sai gindin kurna, bayan makewayi. Luba ta roƙe shi ya yi bisimilla, ya yi wa mutanen ɓoye masu wurin sallama su gusa, yadda ake yi ko ruwan zafi za a zubar. Amma mutumin kunnen ƙashi gare shi. Ya ce filinsa ne, ba ya neman izinin kowa, ya ɗau guduma da kansa.

Da hantsin ranar jifan, firizar ta yi wata ƙara, 'yarsu Safara'u na dafe da murfinta ba takalmi. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Badamasi har da yi wa Luba dariya.

Bayan duwatsun sai kuka daga gindin kurnar, kukan mace, kullum rana ta faɗi. Ranar da kukan ya tsaya, Safara'u ta zube a tsakar gida tana tonon ƙasa da farce, maza uku suka kasa riƙe ta. Aka ɗauko Malam Abdulbaƙi daga ƙauyen Riko. Ya zauna ya yi ta karatu ba gaggawa, har yarinyar ta buɗe baki da muryar da ba tata ba.

"Mi munka yi muku? Kun soke mani ɗaki da ƙarhe, kun zuba gishiri. Wutar da ta zo wa ɗiyarku, ɗana ta iske kwance!"

Luba ta ɗora hannu a ka.

"Allah Ya ba ki haƙuri," in ji malam. "Mi kike so?"

"A tumɓuke shi, kada a kuma kafa wani."

"In babu shi, wutar yarinyar za ta kashe."

"Ta kashe ta mana! Mu yi daidai."

"Ki ji tsoron Allah. Ba ita ta riƙe guduma ba. Za a kai ƙarfen wani gefe, da sallama, a bar miki kurnarki."

Idanun Safara'u suka juya a hankali suka tsaya kan ubanta.

"To hannun da ya riƙe gudumar nawa ne."

Malam ya daka mata tsawa, amma Badamasi ya riga shi. "Na ba ki! Sakar mani ɗiya!"

Safara'u ta yi atishawa, ta kira uwarta da muryarta. Hannun daman Badamasi ya saki a gefensa kamar jiƙaƙƙen tsumma, bai sake ɗaguwa ba.

Washegari da hagu ya haƙa sabon ramin, yana ta sallama. Luba na tsaye riƙe da gishiri, ba ta tausaya masa ba.

"Abin da na roƙe ka ke nan," ta ce. "Sallama kawai."