Siririyar Wayar Barau

Ku matso kusa. Ladidi, bar ɓarar gyaɗar nan ki saurara.

Kun san Barau mai haɗa sola, wannan mai baƙin son banza da tafiya kamar shi ya ƙera rana? Shi aka ba aikin rijiyar burtsatse ta bayan gari. A irin wannan aiki akwai wani akwati da ke karɓar wutar farantin sola, ya rage mata ƙarfi daidai cikin batir. Wuta mai yawa ke bi ta cikinsa, don haka waya mai kauri yake so, da wasu 'yan na'urori biyu da ake kira tiransisto, masu raba nauyin wutar. Gogan naku ya sa ɗaya. Ya ɗauko wata waya siririya kamar tsinken tsintsiya ya liƙa, ya kai mai kaurin gida. Tir!

To, siririyar waya ba ta iya kai wuta duka. Wani kaso zafi yake zama a hanya. Da safe lafiya lau. Amma rana na take tsaka, akwati ya ɗau zafi, famfo ya tsaya cak.

Mai unguwa ya matsa masa, sai ya tafi dubawa da rana tsaka, shi kaɗai, yana tsaki. Ba kowa a wurin. Ko tsuntsu ba ya kuka. Yana buɗe akwatin, ƙaurin roba ya buge shi.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

Wata tsohuwa ce da tulu. Muryarta na da wani amo a ƙasa, zzzz, irin na akwatin in ya sha wuya. Barau ya dubi ƙasa. Taɓon da ta taka yana bushewa, tururi na tashi daga sawunta.

"Safe naku, yamma naku," in ji ta. "Rana tsaka ce tamu. Tun da ka taɓa akwatin nan, jikokina ba su sha ruwa ba."

"Iya, ai... ai rana ce ta yi yawa."

"Rana?" Ta yi wata 'yar dariya. "Ɗora mini tulun nan. Da yatsa ɗaya."

"Yatsa ɗaya ba zai iya ba, Iya."

"Wayarka ta iya?"

Duk cika bakin nan, sai ga shi yana ja da baya. Ta kama ɗan yatsansa na dama, ta ɗora a bakin tulun. Ya ji wani abu ya bi ta hannunsa har kafaɗa, mai nauyi, mai zafi.

"Riƙe wannan," ta ce. "Kyauta ce."

Da ya ɗaga kai, ba tsohuwa, ba tulu.

Washegari ya dawo da waya mai kauri, ya ƙara tiransisto, har da ƙarfen sanyaya akwati. Famfo ya warke, amma Barau bai warke ba. Kullum rana ta take tsaka, hannun nan sai ya ɗau zafi kamar tanda. Ran nan 'yarsa ta rarrafo, ya manta rana tsaka ce, ya ɗauke ta da hannun nan. Har yau shatin yatsunsa biyar na nan a bayanta, kuma in ta gan shi kuka take yi. Ita nake tausaya wa, shi kam ko kaɗan.

Saboda haka in an aike ku ɗibar ruwa, ku je da safe, ku je tare. Kada wanda ya kuskura ya bi hanyar burtsatsen nan shi kaɗai da rana tsaka.