Sunan da Baba Bai Kira Ba

"Zulai, shekara biyu ke nan fa..."

Maniru ya faɗi haka yana zaune bakin tabarma a zauren gidansu Zulaihatu a Boɗinga, yana jujjuya makullin babur a hannu. Ko ruwan da ta kawo masa bai taɓa ba.

"Na sani."

"Ba ki sani ba, masoyiyata. Ke ba ki zuwa kasuwar Shagari ki ji. Jiya ina bisa keken ɗinki, wani ya leƙo shago ya ce ko sai na yi furfura za a kai mini amarya, shi zai ba ni kyautar sanda."

"Baba ya ce ƙarshen damina zai dawo..."

"Bara ma haka ya ce." Ya sassauta murya. "Wallahi ina iya jiranki shekara goma. Amma tsohona ba shi da lafiya, kullum sai ya ce yana so ya ga aurena da idonsa. Mi zan ce mishi?"

Ta sunkuyar da kai.

Mahaifinta, Malam Sha'aibu, ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi. Da ya yi ritaya, kowa ya zaci zai shimfiɗa buzu a gindin darbejiya ya huta da rediyonsa. Sai ga shi ya sa hannu a aikin sa-kai, aka tura shi wani ƙauye a ƙasar Gambiya inda ba su da malamin lissafi. Shekara ɗaya ya ce zai yi.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan turo saƙon murya a wayar Zulaihatu, domin ita ke da babbar waya a gidan. Sai a taru a tsakar gida ta kunna. Ya ba su labarin shinkafa da kifi da ya gaji da ci, da yadda yara ke dariya in ya gwada yarensu, da kewar furar gida. Ya gaida matarsa Inna Kaltume. Ya kira ƙanenta Ismail da suna, ya kira ƙanwarta Hussaina da suna. Ya tambayi albasarsu ta fadamar Danchadi, har tunkiyar nan mai ɗingishi sai ya tambaya. A can ƙarshe sai ya ce, "Ita ma wagga mai riƙe da wayar, ana gaishe ta."

Ita ce 'yar fari. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, don kunya irin ta mutanen da. Ta san al'ada ce. Amma sanin bai hana abin ya riƙa sukar ta ba.

Juma'ar da ta biyo zuwan Maniru, saƙon ya zo da tsawo.

"...yaran nan jarrabawa za su rubuta, kuma babu wanda zai karɓe ni. In na tafi yanzu na yashe su a tsakiyar hanya. Na ƙara wata shida. Ku yi haƙuri."

Zulaihatu ta kashe wayar tun kafin ya kai ga tunkiya.

"Ke, mi ne haka?" in ji Inna Kaltume.

"Inna, 'ya'yan wasu ba zai yashe su ba. Ni fa? Ni ba a tsakiyar hanya nake ba?"

"Ki iya bakinki."

"Ya san sunan tunkiya, bai san nawa ba."

"Ni ma ai ban kiran sunanki. Ba ni sonki ke nan?"

"Ke kina nan, Inna. Ina ganin hannunki a akushina, in na yi zazzaɓi ke ke shafa mini kai. Shi murya kaɗai ta rage mana, kuma muryar ma ba ni a ciki."

Ta shige ɗaki, ta danna wayar, ta yi magana tana haki.

"Baba, ni ce mai riƙe da wayar. Ba sai ka zo ba. Ka ba Baffa Na'Allah waliccina a ɗaura. Ka zauna da ɗiyanka na can... su da kake iya kiran sunansu."

Ta tura kafin zuciyarta ta huce.

Bai yi mata faɗa ba. Washegari ya kira ƙanensa Na'Allah ya ba shi walicci. Bayan girbin gero aka ɗaura aure, aka kai amarya Shagari. An yi komai yadda ya kamata, sai dai wurin zaman uba a masallaci wani ne ya zauna.

Daga nan Ismail ya sayi tasa wayar, saƙon gida ya koma can. Amma duk Juma'a sai wani gajeren saƙo ya shigo wayar Zulaihatu daga Gambiya. Ba ta buɗe ko ɗaya ba.

"Zulai tawa, ki saurara mana," Maniru ya ce wata rana da ya dawo daga masallaci ya ga ta kife wayar.

"Na san abin da ke ciki. 'Ana gaida wagga.'"

"To ki amsa gaisuwar. Ni na matsa miki, laifin ya rataya a wuyana in kuka ɓata."

"Ba ruwanka. In ya dawo ma yi magana ido da ido."

Haka take ce wa kanta. Ta riga ta shirya abin da za ta faɗa masa, da inda za ta yi kuka, da inda za ta nemi gafara. Wata shida ne kawai, tana ganin akwai lokaci.

Saura wata biyu Baba ya dawo, da hantsin wata Talata, Maniru ya shigo gida da awon tela rataye a wuyansa, bai ko yi sallama ba. Ya durƙusa gabanta ya kama hannayenta.

"Sai haƙuri, Zulai... Babanki."

Ciwon ƙirji ne, a cikin aji. Kafin a kai shi asibitin da ke hayin kogi rai ya yi halinsa. A can aka binne shi, a ƙasar da babu wanda ya san kakansa.

Bayan sadakar arba'in wani abokin aikinsa, Malam Naziru, ya kawo jakarsa Boɗinga. Riguna uku, tabarau, carbi, da littattafan shirin darasi. Ya gaisa da Inna Kaltume, sannan ya dubi 'ya'yan.

"Don Allah wace ce Zulaihatu?"

"Ni ce."

Ya daɗe yana kallonta. "Duk ƙauyen can da muka koyar sun san sunanki."

Ya miƙa mata littafi ɗaya. Ta buɗe. Rubutun Baba ne, mai kwanciya gefe, da Turanci. Zulaihatu ta dasa albasa layi goma sha biyu, kowane layi... Ta juya shafi. Zulaihatu ta tashi daga Boɗinga zuwa Shagari a kan babur... Ta sake juyawa. Kowace tambaya da ita ta fara.

"Bai taɓa karanta tambayar da bakinsa ba," in ji Malam Naziru. "Sai ya rubuta a allo, ya ce yara su karanta da ƙarfi. In sun karanta ya ce bai ji ba, su sake. Na taɓa tambayarsa wace ce. Ya ce mini, 'wata ce can gida.' Amma ai ke kin sani... tun da aka yi aurenki duk Juma'a da safe nake ganin yana ɗaukar muryarsu a waya. Ya ce ke yake tura wa."

Zulaihatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta shige tsohon ɗakinta, ta ciro wayar. Saƙo goma sha bakwai, a jere, babu wanda aka taɓa.

Ta danna na farko. Ƙarar kujeru, tarin Baba, bugun alli a allo sau biyu. Sai muryoyin yara kusan arba'in suka tashi lokaci guda, da bakinsu na baƙi:

"Zulaihatu..."

Ta danna na biyu. Haka. Na uku. Haka.

A na ƙarshe, bayan yaran sun yi shiru, ta ji numfashinsa kusa da wayar, ya daɗe kamar zai faɗi wani abu.

"Wagga... in kin ji, ki amsa."

Maniru na tsaye a bakin ƙofa, hawaye na bin gemunsa, ya kasa shigowa. Ita kuwa ta zame ƙasa, ta kai wayar bakinta, ta danne da yatsa.

"Na'am, Baba... Na'am."

Ta saki. Saƙon ya tafi, ya tsaya da alama ɗaya. Ta zauna tana kallonta har aka kira la'asar, ba ta zama biyu ba.